I Ɗin Kawu Tamimu

University Heights, Bronx, New York
12 ga Agusta

Zuwa ga Kawu Tamimu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Inna Sharifa da duk mutanen gida. Yaya damina? Mu nan lafiya lau, sai zafin da ya hana mu sakat. Maigidana Dung yana gaishe ka, yana nan yana fama da tuƙin bas. Yara ma suna gaisuwa, ko da yake da Turanci suka yi ta, ni na juya maka.

Na san za ka duba ƙasan takardar nan ka ce wace Alisabatu kuma. Ni ce 'yar Ladi ta Bukuru, jikar Ngo Kaneng, wadda ita da mahaifiyarka 'ya'yan wa da ƙani ne. Rabona da gaishe ka shekara goma sha tara. Ban kyauta ba, kuma ga shi da na tashi tunawa da kai da buƙata na zo. Ka yi mini faɗan, na cancanta. An ce mini kunnenka ya yi nauyi, ba ka son waya, duk mai magana da kai sai ya rubuta. Shi ya sa na rubuta da hannuna, na ɗauki hoton takardar na tura wayar Inna Sharifa.

Kawu, shekara goma sha huɗu ke nan ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Ɗaga wannan, juya wancan, yi wa wannan wanka. Ina son tsofaffina, amma bayana ya gama. Likita ya ce in nemi aikin da ba ɗaga mutum. To akwai wata mata, Efua, 'yar Kumasi, tana da ofis a Harlem mai tura tafintoci kotuna da asibitoci, kuma tana neman mai Hausa. A zangon Hausawa ta tashi, Hausarta irin tasu ce, kowa "ka" ne a wurinta. Na ci jarrabawar Turancin, saura ta Hausa. Ta miƙo mini takarda ta ce, "Alisabatu, ka ji ko, in ka juya wannan ya yi kyau, aiki naka ne. In ya ɓaci, ni ban san ka ba."

Ga abin da ke cikin takardar. A ƙasar nan ba mutane kaɗai ake zaɓa ranar zaɓe ba. Akan buga tambaya a jikin ƙuri'a, kowa ya sa alama a I ko A'a, wanda ya rinjaya ya zama doka. Akwai wata jiha can yamma da za a tambayi mutanenta a watan Nuwamba kan hana beli a shari'ar kisan kai. Mu 'yan New York ba mu ne za mu kaɗa ba, amma akwai 'yan uwanmu masu Hausa da ke zaune can, ƙungiyarsu ta roƙi Efua a juya musu tambayar da bayaninta don su san abin da suke sa wa hannu. Zan miƙa aikin ranar 16 ga Satumba.

Hausar kasuwa da ta coci nake da ita, ta kotu kuwa ban san hanyarta ba. Mama ce ta ce mini, "Ke da kike da Tamimu? Shekara talatin da ɗaya yana tafinta a kotu!" Na haɗa maka da Turancin. Ka taimake ni, ina son aikin nan har cikin raina.

Taka,
Alisabatu

Unguwar Rogo, Jos
19 ga Agusta

Zuwa ga 'yata Alisabatu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarki ta iso, kuma mun same ta cikin farin ciki. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Ruwa kullum, dankali ya yi kyau bana. Idona na dama ne ya yi yana, likita yana ta maganar aiki, ni kuma ina ta ɗage masa zama kamar yadda na ga alƙalai suna yi.

Kin ce zan tambayi wace Alisabatu. Ni? Ke ce fa kika cika mini aljihun babbar riga da ɗanyen tumatir ranar bikin ƙanwar Ladi, na zauna a kai a gaban surukai. Ƙarar nan tana nan ban janye ba. Game da shekara goma sha tara kuwa, kotu ta zauna, ta duba, ta same ki da laifi, ta kuma sallame ki saboda kin amsa da bakinki. Innarki ta ce in gaya miki ita ba ta sallame ki ba sai ta ga hoton yara.

Wallahi kin faranta mini. Tun da na ajiye aiki ba wanda ya tambaye ni ma'anar kalma ɗaya, sai dai a tambaye ni ina na ajiye makullin shago. Jiya na sa aka sauko mini da tsohon ƙamus ɗina daga saman sif, na zauna da takardarki tun hantsi har la'asar, shayina ya huce ban sani ba.

To ki buɗe kunne. Kada ki kuskura ki rubuta "mai kisan kai". Wanda ake maganar belinsa ba a same shi da laifi ba tukuna, sunansa "wanda ake tuhuma". Tafinta da bai raba waɗannan biyu ba ya koma gida ya yi noma. Abin da Turawa suke kira kisan kai na mataki na farko, ki ce "kisan kai da gangan", kowa zai gane. Wancan dogon zance na hujja kuma, ki ce "idan hujja ta fito fili". Sai babbar jimlar, wadda suka ce wai a ƙirƙiri togiya a cikin haƙƙin beli. Wa zai gane wannan? Ko ni sai da na karanta sau uku. Ki faɗe ta yadda ake faɗa a baranda ta kotu in uwa ta tambayi ɗan sanda labarin ɗanta: ba za a ba da belinsa ba. Shi ke nan.

Ki rubuta ki aiko in duba. Ki gai da Dung, ki ce masa ya riƙa taka birki a hankali. Ita kuma Efua ki ce mata wani tsoho a Jos ya ce mace "ki" ake ce mata, amma ki bari sai kin samu aikin.

Kawunki,
Tamimu, tafinta mai ritaya

University Heights
27 ga Agusta

Kawu,

Ina gaisuwa, ina kuma gai da Inna Sharifa, hoton yara yana hanya. Allah ya sawwaƙe idon, amma don Allah ka daina ɗage wa likita zama. Muna lafiya. Na karanta wa Dung maganar tumatir ya yi dariya har da tari, ya ce ashe tun ina ƙarama nake haka.

Na gama! Bayanin duka shafi biyu ne, da hujjar masu goyon baya da ta masu adawa. Masu goyon baya sun ce wanda ake tuhuma da irin wannan laifi zai iya gudu ko ya tsorata shaidu. Masu adawa sun ce mutum yana iya shafe shekara a tsare, a ƙarshe a ce ba shi ba ne. Ina juya ta farko na ji na yarda, ina juya ta biyu na ji na sake yarda. Gara da ba ni zan kaɗa ba.

Ga babbar tambayar, yadda ka koya mini:

"Shin ba za a ba da belin wanda ake tuhuma da kisan kai da gangan ba, idan hujja ta fito fili? I ko A'a."

Na karanta ta da ƙarfi a kicin, ta zauna mini a baki daram. Har na fara ganin kaina da jaka da takalmi mai tsini ina shiga kotu. Na tura maka shafukan biyu. Ka duba da idon nan naka mai lafiya. Kawu, ba ka ga kuskure a ciki ba? Ka amsa mini da wuri, ko da kalma ɗaya ce.

Taka,
Alisabatu

Unguwar Rogo
2 ga Satumba

Alisabatu,

Muna lafiya, muna gaisuwa. Ina cikin sauri. Na karanta duka. Amsar tambayarki: I.

Kawunki,
Tamimu

University Heights
5 ga Satumba

Kawu,

Ina gaisuwa. Lafiya dai ko? Ni kam ba lafiya ba tunda takardarka ta iso.

I? Shi ke nan? Akwai kuskure, amma ba za ka gaya mini inda yake ba? Da na ce kalma ɗaya ai ba haka nake nufi ba! Na kira wayar Inna Sharifa ya fi sau goma, a kashe. Na kira Mama a Bukuru ta aika a dubo, aka ce gidanku a rufe, kun yi tafiya. Tafiya ina, a wannan lokaci?

Na karanta shafukan nan har na haddace su. Na canja "fito fili" zuwa "bayyana", na mayar. Na cire "shin", na mayar. Na duba ƙugiyar kowace ƙa da ɗa da ɓa. Ranar Talata ina ba wata tsohuwata magani ina ta gunaguni da Hausa, ta tambaye ni ko addu'a nake mata, na ce mata i.

Dung ya ce irinku tsofaffin ma'aikata haka kuke koyarwa, ku nuna wa mutum daji ku ce akwai allura a ciki. In haka ne, Kawu, na roƙe ka ka sassauta. Saura kwana goma sha ɗaya. Ba zan iya miƙa wa Efua abin da ka ce yana da kuskure ba, kuma bayan nan nawa ba zai kai ni wata shekarar ba.

Taka,
Alisabatu

University Heights
15 ga Satumba

Kawuna na kaina!

Gaisuwa da jinjina! Ina fatan duk inda kuke kuna lafiya. Har yanzu wayar a kashe, amma zan tura, duk ranar da aka kunna ka gani. Na gano shi! Na gano, kuma tun jiya bakina bai rufu ba.

Bari in ba ka labari. Jiya Asabar na ce tunda idona ya kasa, bari in ari na wasu. Na buga tambayar a takardu, na ja Dung muka sauka titin 125 a Harlem, inda mutanenmu suke kasa kaya. Akwai wani Mahamadou, mutumin Maraɗi, mai sayar da man kaɗe da turare da huluna, wurinsa nake sayen man da nake shafa wa bayana. Shekararsa uku kacal da zuwa. Na ba shi takarda ɗaya da biro, na ba Dung ɗaya, na ce kowa ya sa alama kamar yau ne zaɓe.

Mahamadou ya karanta a hankali yana bi da yatsa, ya sa alama a I. Dung ya sa a A'a. Sai Mahamadou ya leƙa takardar Dung, ya ajiye biro.

Ya ce, da "mushe" ɗinsu na Faransanci, wato malam, "Haba mushe Dung! Mutum shi kashe rai da gangan, hujja ta hito, kai ka ce a sake shi shi tai gida shi sha hura?"

Dung ya ce, "Ni? Kai ne dai ka ce a sake shi! Ni cewa na yi no way, ba za a ba shi ba."

"To mi ya sa ka sa A'a?"

"Saboda a'a, ba za a ba shi ba!"

"Bon, ni ma abin da na ce ke nan. I, ba a ba shi!"

Kawu, mutanen nan sun kusa rabin awa suna musu, har masu sayen hula suka tsaya kallo, wata mata 'yar Senegal mai kitso ta fito raba faɗa. Kowa jijiyar wuya a tashe, kuma abu ɗaya suke faɗa. Ni kuwa ina tsaye da robar man kaɗe a hannu sai na ji kamar an kunna fitila a kaina. Mahamadou ya amsa irin ta gida. In an ce maka "ba ka ci ba?" kuma ba ka ci ɗin ba, sai ka ce i. Dung kuwa shekararsa ashirin da biyar a nan, kunnensa ya koma na Turawa, shi a'a zai ce. Duk inda tambaya ta zo da "ba" a gaba da "ba" a baya, mutanenmu na nan sun kasu biyu ba su sani ba. Da an buga takardata haka, da rabin masu karanta ta sun je sun kaɗa wa abin da ba sa so, kuma da hannuna.

Na zauna a kan kujerar Mahamadou. Daga nan na fashe da dariya har da hawaye. A nan kan teburinsa, tsakanin kwalaben turare, na sake rubuta ta:

"Ka yarda a ba alƙali ikon hana belin wanda ake tuhuma da kisan kai da gangan, idan hujja ta fito fili? I, na yarda. A'a, ban yarda ba."

Na gwada ta a kan mutum tara a titin nan, 'yan Nijar da 'yan Gana da namu. Shida sun yarda, uku ba su yarda ba, an yi musu sosai, amma wannan karon duk mai musu ya san da wa yake yi. Mahamadou ya ba ni turare kyauta, ya ce in kai wa malamina.

Kai ne malamin. Yanzu na gane dalilin da ya sa ka ƙi nuna mini. Da ka nuna, da na gyara na manta. Wannan kuwa har in mutu ba zan manta ba. Na gaya wa kowa a coci yau cewa ina da kawu a Jos da ya koya mini aikin tafinta da harafi ɗaya. Gobe da safe zan kai wa Efua. Ka sa ni a addu'a, ni ma ina sa ka a tawa.

Taka har kullum,
Alisabatu

Unguwar Rogo
26 ga Satumba

'Yata Alisabatu,

Bayan gaisuwa, muna lafiya, mun dawo. Kano muka je aka yi mini aikin idon. Ranar da na rubuta miki gajeriyar takardar nan mota tana ƙofar gida tana jira. Innarki ta manta abin cajin waya a gida, ta kuma ƙi sayen wani, wai nata yana nan lafiyarsa ƙalau. Bayan aiki likita ya hana ni karatu. Yanzu ina gani tar, har na gano Innarki ta yi furfura ban sani ba, na faɗa mata, yau kwana biyu ba ta sa mini sukari a shayi.

Shekaranjiya na karanta takardunki biyu a jere. Ta farko ta sa ni tausayi, ta biyu ta sa ni dariya har Innarki ta ce zan ɓalle ɗinkin ido. Daga nan kuma dariyar ta tsaya.

Kwana biyu ina shawara da zuciyata. Kin ɗaura mini rawani a gaban mutanen cocinku, kuma ya yi mini kyau, ba na son cirewa. Amma an rantsar da ni sau ɗaya a rayuwa cewa zan faɗi abin da aka faɗa, ba ƙari ba ragi, kuma ba wanda ya warware mini rantsuwar. Alisabatu, koma ki karanta tambayar da kika yi mini. Cewa kika yi, "Ba ka ga kuskure a ciki ba?" Na ce i. I, ban gani ba. Ban ga komai ba! Na karanta na ji daɗi, na ce yarinyar nan ta iya. Jimlar da ta kusa kayar da ke ma ai ni na ba ki ita. Ke kika ji amsata da kunnen Dung, kika tafi neman kuskuren da ni ban san da shi ba, kika kuma same shi. Ba ni na koya miki ba.

Kada ki ce ido ne. Da na hagu na karanta, kuma lafiyarsa lau. Abin da ya tsayar mini da dariya shi ne, duk duniya ba wanda ya kamata ya ga ramin nan kamar ni, don na taɓa tura mutum a ciki.

Shekarata ta huɗu a aiki aka kawo wani mai suna Barmo, mahauci, ana tuhumarsa da hannu a wani faɗa da aka yi a mayanka har rai ya salwanta. Lauyansa ya nemi beli. Alƙalin ba ya jin Hausa. Ya ce in tambaye shi, ba ya wurin lokacin da abin ya faru? Na tambaya. Barmo ya ce, "I." Ni kuma, da saurina da sabuwar kwat ɗina, na juya na ba alƙali i ɗin nan tsirararta da Turanci. Alƙali ya rubuta cewa ya amsa yana wurin. Kafin in gane abin da na yi an wuce, kuma na ji kunyar ɗaga hannu in ce na yi kuskure a gaban manyan lauyoyi. Kunya kawai. Aka hana belin. Wata goma sha ɗaya Barmo ya yi a tsare kafin shaidu su tabbatar yana kasuwar shanu a wani gari ranar. Da aka sallame shi har ya zo ya gode mini, wai na yi masa ƙoƙari. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Innarki sai jiya.

Bayan wannan na yi shekara ashirin da bakwai ban sake barin i ko a'a ta fita bakina ita kaɗai a kotu ba. Sai ga shi na tsufa, an kawo mini ita a rubuce da Hausa mai daɗi, na sa mata albarka. Ki riƙe wannan, ya fi duk abin da na rubuta miki a baya: in kin yi kuskure a gaban alƙali, ki ɗaga hannu nan take, ko da duk kotun za ta yi miki dariya.

Yanzu ki gaya mini, me Efua ta ce? Innarki ta ƙi zama tun jiya. Turaren Mahamadou kuma ki riƙe abinki, ke kika ci shi.

Kawunki,
Tamimu

University Heights
20 ga Oktoba

Kawu,

Gaisuwa mai tarin yawa. Barka da arziki, Allah ya ƙara wa idon haske. Ka ba Inna Sharifa haƙuri, ka ce mata furfurar ta yi mata kyau. Mu duka lafiya. Ka yafe mini jinkiri, so nake in zo maka da labari cikakke.

Na samu aikin! Efua ta karanta a tsaye, ta kai kan tambayar ta tsaya, ta ce me ya sa ban bi Turancin sak ba. Na ba ta labarin Dung da Mahamadou. Ta dafe kai ta ce, "Ei! Ni ma da A'a zan sa!" Ta kira ƙungiyar can yamma a gabana ta ce su buga haka, kada su taɓa ko ɗigo. Sannan ta ce, "Alisabatu, ka zo Litinin." Na fito titi ina rawa da jakata, mutane suna kauce mini. Na yi sallama da tsofaffina, mun sha kuka, ɗaya ta ba ni gyalenta.

Takardarka kuwa, farkonta na yi dariya har na zame daga kujera. Dung ya ce a rubuta a tarihi cewa kunnensa ne ya ceci zaɓen wata jiha. Da na kai kan Barmo sai na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Kawu, na yi kuka, nasa da naka. Shekara nawa kana ɗauke da wannan kai kaɗai? Ban rage ka da komai ba a idona. Na koma coci na gyara labarin kamar yadda ka so, na ce kawuna bai ga kuskuren ba, kuma da ya ga ana yabonsa a kan abin da bai yi ba ya rubuto ya ce ba shi ba ne. Sun fi son wannan labarin.

Ranar Alhamis da ta wuce aka fara tura ni kotu. Ba babbar shari'a ba ce, sababbi ba a ba su irin waɗannan. Wani dattijo ne, ba zan faɗi sunansa ba don ni ma yanzu an rantsar da ni. An taɓa kiransa kotu bai zo ba, alƙali tana so ta san ko da gangan ya ƙi, kafin ta yanke ko zai koma gida ya jira ranar shari'a. Yana tsaye da hularsa a hannu.

Alƙali ta ce in tambaye shi, bai samu takardar kiran farko ba? Na tambaya. Ya ce, "I."

Kawu, kalmar Turancin ta zo har bakin haƙorana. Na ga alƙali ta ɗora biro a kan takarda. Sai na ɗaga hannu. Na ce tafinta tana neman izinin ta tabbatar da amsa. Wani lauya ya yi ɗan tsaki ya duba agogo. Alƙali ta ce bismillah, irin tasu. Na juya na ce, "Baba, takardar ta zo hannunka, ko ba ta zo ba?" Ya ce, "'Yata, ba ta zo ba. Na tashi daga gidan nan tun azumi." Na faɗa wa alƙali haka, kalma da kalma. Ta duba adireshin, ta ga na tsohon gidansa ne, ta ba shi sabuwar rana ta ce ya tafi gida.

A baranda ya tsaya yana sa hularsa, bai ma san abin da ya kusa faruwa ba. Ya tambaye ni 'yar wane gari ce, na ce Jos. Ya ce wa ya koya mini wannan aiki. Na ce wani kawuna ne, tsohon tafinta. Ya ce, "To ki gaya mishi ya iya aiki, Allah shi yi mishi albarka."

Na ce masa zan gaya maka. Ga shi na gaya maka, ba ƙari ba ragi.

Taka,
Alisabatu, tafinta